Filastar Kinesiyo: Yadda Ake Manna Ta da Iyakar Abin da Take Iyawa

Duk wanda ya kalli wasan ƙwallon ƙafa da aka yi tsakanin Italiya da Jamus a birnin Warso ran 28 ga Yuni, 2012, a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin ƙasashen Turai, zai tuna sa'ad da Mario Balotelli ya jefa ƙwallonsa ta biyu a raga, ya tuɓe riga, ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi, sai ga waɗansu zirin ƙyalle shuɗɗa guda uku manne a bayansa. A gidan kallon da na zauna a wannan dare an yi ta muhawara a kansu, wani ya ce ado ne, wani ya ce laya ce irin ta mutanen can. Haƙiƙanin al'amari kuwa filasta ce da ake kira kinesiyo, wadda a yau ta cika kantunan magani da shagunan kayan wasanni, har ta kai yaran unguwa suna saye suna manna wa junansu ba tare da sanin ƙa'idarta ba. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba a yi bayaninta filla-filla, domin abu ne mai fa'ida ga wanda ya san haddinsa, mai cutarwa kuma ga wanda ya jingina masa abin da ba ya iyawa.

Asalinta daga ƙasar Japan ne. Wani tabibi mai suna Kenzo Kase, wanda ya ƙware wajen gyaran gaɓoɓi da ƙashin baya ta hanyar tausa da dannawa, shi ya ƙago ta a cikin shekarun 1970, saboda ya lura cewa farar filastar da aka saba ɗaure 'yan wasa da ita, ko da yake tana riƙe gaɓa da kyau, tana hana ta motsi, tana kuma matse abin da ke ƙarƙashinta. Sai ya nemi wani abu wanda kaurinsa da talewarsa za su yi kusa da na fatar ɗan Adam, ta yadda majinyaci zai tafi gida da shi kwana da kwanaki, yana tafiya, yana aiki, yana wanka. 'Yan wasan Japan sun fita da ita gasar Olamfik ta Seoul a 1988, amma ba ta shahara a duniya ba sai a gasar Beijin ta 2008, inda kamfanin da ke yin ta ya raba naɗi 50,000 kyauta ga tawagogin ƙasashe 58, aka kuma ga Kerri Walsh, Ba'amurkiya 'yar wasan ƙwallon raga na bakin teku, da baƙar filasta a kafaɗarta wadda aka yi wa tiyata. Tun daga nan kasuwarta ta buɗe.

Ita filastar, saƙar auduga ce da aka cusa wa siraran zaren roba, aka shafa wa bayanta gam mai kama jiki idan ya ji ɗumi. In ka ɓare takardar da ke rufe gam ɗin ka ɗaga filastar sama ka duba, za ka ga gam ɗin bai game ko'ina ba, an zuba shi ne layi-layi kamar igiyar ruwa, domin iska da gumi su sami hanyar fita. Galibi faɗinta santimita 5 ne, naɗi guda kuma mita 5. Tana talewa ta tsawo, ba ta talewa ta faɗi, kuma iyakarta ta ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100 na tsawonta. Game da launi, ja ko baƙi ko shuɗi ko ruwan ƙasa, duk abu guda ne. Rini ne kawai, kada mai kanti ya ƙara maka ko kwabo da hujjar cewa wani launin ya fi wani ƙarfi.

To, me take yi a jiki? A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin an cuɗanya tabbas da zato. Kase ya yi da'awar cewa idan aka manna ta bisa fatar da aka miƙe, sa'an nan gaɓa ta koma daidai, filastar na tattare fata ta ɗan ɗaga ta, sai matsi ya ragu a ƙarƙashi, jini da ruwan jiki su sami sararin gudana, kumburi ya saɓe. Akwai kuma wani bayani wanda ni ya fi kwanta mini a rai, shi ne wanda ya dogara ga nazarin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka fitar a 1965, cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna bin ƙofa guda a lakar baya kafin su isa ƙwaƙwalwa, idan na taɓawa ya yawaita sai ya rage wa na zafi hanya. Kowace uwa ta san wannan a aikace ko ba ta san sunansa ba, gama in yaro ya yi tuntuɓe abin da take fara yi shi ne ta murza masa wurin. Filastar kamar hannu ne da aka ɗora bisa ciwo aka bar shi nan dare da rana. Bugu da ƙari, duk sa'ad da gaɓa ta nemi wuce iyakarta, mutum zai ji fatarsa ta ja, sai ya tuna, ya gyara tsayuwa ko taku. Wannan tunatarwa ita ce, a ganina, mafi girman fa'idarta.

Amma amana ta wajabta a faɗi abin da bincike ya nuna. A shekarar 2014 waɗansu masana a ƙasar Burazil sun tattara gwaje-gwaje 12 da aka yi a kan mutane 495 masu ciwon kafaɗa da gwiwa da baya da wuya da tafin ƙafa, suka tarar cewa filastar da aka manna bisa ƙa'ida ba ta fi wadda aka manna don gwaji kawai ba da wani abin a zo a gani, kuma inda aka sami bambanci ƙanƙane ne. Haka nan da'awar cewa in an fara mannawa daga tushen tsoka tana ƙarfafa ta, in an fara daga ƙarshenta tana sassauta ta, ba ta sami hujjar da za ta tsaya a kai ba. Abin da za a iya dogara da shi shi ne sauƙin zafi na ɗan lokaci ga waɗansu mutane, da natsuwar zuciya da ke sa mai ciwo ya yarda ya motsa gaɓar da yake tsoron motsawa. Kada a raina wannan, domin motsin da likitan gashin ƙashi ya tsara, na miƙe jijiya da ƙarfafa tsoka, shi ne ainihin magani, kuma duk abin da ya taimaki mutum ya jure masa ya yi aiki. Sai dai filastar ba ta haɗa ƙashin da ya karye, ba ta mayar da wanda ya goce, ba ta ɗinke jijiyar da ta tsinke. Ko wajen hana idon sawu sake turguɗewa a fili, farar filasta marar talewa ko takalmin riƙe gaɓa sun fi ta riƙo nesa ba kusa ba.

Saboda haka sharaɗi na farko, kafin a taɓa almakashi, shi ne a san ciwon. Wanda ya yi targaɗe har ya kāsa taka ƙafa taku huɗu, ko ya ji zafi mai tsanani idan an danna ƙashin idon sawu, ko gaɓa ta sauya siffa, ko yatsu suka yi sanyi suka mutu, wannan hanyarsa ta asibiti ce da hoton ƙashi. Ba a manna ta bisa buɗaɗɗen rauni, ko ƙuna, ko ƙurji, ko fatar da ta yi ja tana zafi saboda ƙwayar cuta. Wanda sha-raɓarsa ta kumbura ƙafa guda, tana zafi tana ɗumi ba tare da ya bugu ba, ya gaggauta ganin likita, gama mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma wannan hatsari ne ga rai. Mai ciwon daji, da wanda kumburinsa na ciwon zuciya ne ko na ƙoda, da mai ciwon sukari wanda ƙafafunsa suka daina ji, da mace mai juna biyu, da tsoho wanda fatarsa ta yi laushi kamar takarda, duk kada su yi sai da izinin likita. Ga wanda bai taɓa amfani da ita ba kuma, ihtiyaɗi shi ne ya yanki ɗan guntu ya manna a cikin damtsensa ya kwana da shi, in gari ya waye babu ƙaiƙayi babu ja, sa'an nan ya ci gaba.

Shirin fata shi ne rabin aikin, musamman a ƙasarmu. Da hunturu kowa na shafe jikinsa da basilin ko man kaɗanya, da bazara kuma gumi ba ya tsayawa, kuma dukansu biyu maƙiyan gam ne. A wanke wurin da sabulu, a goge, a bari ya bushe sarai. In akwai gashi mai yawa a rage shi da almakashi, kada a aske da reza a ranar, don kada gam ya shiga ƙananan yankan da ido ba ya gani. Man zafi kuwa, wanda mutanenmu ba sa rabuwa da shi in gaɓa ta yi ciwo, haramun ne a ƙarƙashin filasta a wannan sana'a, domin yana hana ta kamawa, in ma ta kama sai ta tsare zafinsa bisa fata ya ƙona ta. A manna tun da sauran kamar sa'a guda kafin wasa ko wanka, don gam ya zauna.

Sai yanka. Ana auna tsawon a jikin mai ciwo, takarda na manne, a rage kaɗan saboda talewa. Siffofin da aka fi amfani da su uku ne: miƙaƙƙen ziri, da wanda aka tsaga kansa biyu aka bar gindinsa haɗe kamar gwafa, da wanda aka tsaga huɗu ko biyar kamar yatsun hannu. Kowanne aka yanka, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi, gama kusurwa mai tsini ita ce riga ke fara kamawa ta ɓanɓare. Wajen ɓare takarda, a yage ta ne daga baya kusa da kan zirin, ko a tsakiyarsa, a riƙe ta wajen takardar, kada yatsa ya taɓa gam.

Yanzu mun iso ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi saɓa wa, watau gwargwadon talewa. Kowane ziri yana da kai da jiki da wutsiya. Kai da wutsiya, kimanin santimita 4 zuwa 5 kowanne, ana ɗora su ne a sake, ba a ja su ko kaɗan. Jiki kaɗai ake talewa. Hanyar aunawa kuwa mai sauƙi ce: ka ja shi har iyakarsa, wannan shi ne ɗari bisa ɗari, ka sassauta rabi, ya zama hamsin, ka sāke sassauta rabin wannan, ya zama ashirin da biyar. Galibin aikin tsoka ba ya bukatar fiye da ashirin da biyar, na kumburi ma bai kai haka ba, hamsin kuma sai a ɗan gajeren ziri da aka gitta bisa wurin zafi ko jijiyar gaɓa.

Na ga illar saɓa wa wannan da idona. Wani ɗan ƙanena mai buga ƙwallo a filin unguwa ya zo gaishe ni yana ɗingishi, na ce ya ɗaga wando in gani. Ya ja filasta har iyakarta tun daga kai har wutsiya, ya kuma naɗe gwiwar da ita zagaye biyu kamar mai ɗaurin kaya. A bakin kowane ziri fata ta yi bororo, wani ya fashe yana ruwa, ƙasan gwiwar kuma ya fi samanta kumburi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baffa, ai na ɗauka in ba ta ɗame ba, ba ta yi aiki ba." Mun fi rabin sa'a muna jiƙa ta da man gyaɗa kafin ta saki, kuma sai da ya yi mako biyu yana jinyar fata, alhali ciwon da ya sa ya manna ta bai kai wannan ba. Tunaninsa tunanin ɗori ne, wanda muka gāda, cewa ƙarfin ɗauri shi ne ƙarfin magani. Likitocin ƙashi kuwa sun daɗe suna kuka da ɗorin da ya yi tsauri har ya tsai da jini, hannu ko ƙafa ta ruɓe a kai ga yankewa. Wannan filasta ba a zagaye gaɓa da ita ruf, ko yaushe sai an bar sarari.

Bari mu ɗauki gwiwa, tun da ita ce aka fi kawo kuka a kanta, musamman zafin da ke kewaye da ƙoƙon gwiwa wajen hawan bene ko tashi daga zaman tahiya. Mai ciwo ya zauna bisa kujera, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A yanki ziri biyu masu tsawon kamar taƙi guda da ɗan ɗori, da na uku gajere. A ɗora kan na farko bisa ɗan tudun ƙashin da ke saman ƙwauri, ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a bi da shi ta gefen ƙoƙon na waje da talewar ashirin da biyar, a lanƙwasa shi a hankali ya hau cinya, a sauke wutsiyar a sake. Na biyu ya tashi daga wuri guda ya bi ta gefen ciki, su haɗu a sama, ƙoƙon ya zauna a tsakaninsu a buɗe kamar ido. Gajeren kuma a yage takardarsa a tsakiya, a tale tsakiyar rabi, a ɗora ta a gicciye daidai ƙarƙashin ƙoƙon, a kwantar da bakunansa biyu ba ja. Daga nan a murza duka da tafin hannu ko da bayan takardar da aka ɓare, daga tsakiya zuwa baki, har a ji ɗumi, gama ɗumin nan ne ke tayar da gam. In ya miƙe tsaye ya kamata ya ji an tallafe shi, ya kuma iya durƙusawa ba tare da wani wuri ya tsunkule shi ba.

Na ƙugu ya fi sauƙi, sai dai yana bukatar mataimaki. Mai ciwo ya sunkuya gwargwadon iyawarsa, ya dafa tebur, a ɗora ziri biyu tsaye, ɗaya dama ɗaya hagun da ƙashin baya, daga saman ɗuwawu zuwa tsakiyar baya, kusan ba talewa, tun da fatar ta riga ta miƙe da sunkuyon. In akwai wurin da zafi ya taru, a gitta na uku a kansa. Idan ya ɗago za a ga filastar ta yi ƙudurai ƙanana kamar tattarar riga, wannan alama ce an yi daidai, kada a ce za a gyara. Kafaɗa kuma mai gwafa ake yi mata: gindin a tsakiyar damtse ta waje, reshe guda ya bi ta gaba sa'ad da aka kai hannu baya, ɗayan ya bi ta baya sa'ad da aka kawo hannu bisa ƙirji.

Ga kumburi da taruwar jini bayan buguwa ake amfani da mai yatsu. Ana ɗora gindinsa sama da kumburin, ta wajen da ke kusa da gangar jiki, inda kaluluwa take fitowa, kamar bayan gwiwa ga kumburin ƙwauri, sa'an nan a baza yatsun bisa wurin da tazara tsakaninsu, da talewa 'yar kaɗan ƙwarai, a kuma iya gitta wani daga ɗaya gefen su yi kamar raga. Wannan ba ya ɗauke wa mutum ɗaga ƙafa bisa matashi da ɗora ƙanƙara a kwanakin farko.

Akwai wata mas'ala da takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba, alhali ta shafi mafi yawan masu karanta wannan, ita ce tsarki. Filastar na kwana uku zuwa biyar a jiki, kuma ko da yake ruwa na ratsa ƙyallen, gam yana tsakaninsa da fata. Ta gwiwa da ta baya da ta kafaɗa ba su shiga gaɓoɓin alwala ba, amma sun shiga wankan wajibi. Ta idon sawu da ta wuyan hannu kuwa sun shiga duka biyu. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan jabira, watau ɗaurin da ke bisa rauni ko karaya, a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhohinsa, kuma sun rataya rangwamen ga tsoron cuta, ko ƙaruwarta, ko jinkirin warkewa. Wanda likita ya manna wa saboda lalura, da wanda ya manna don kwalliya ko don ya ga gwanin ƙwallo ya yi, hukuncinsu ba zai zama ɗaya ba. Shawarata ita ce mutum ya kai wa malaminsa haƙiƙanin halinsa ba ƙari ba ragi, in kuma lalurar ba ta kai ba, ya manna kafin wasa ya cire bayansa.

Bayan wanka a dafa ta da tawul a tsane ruwan, kada a goga, kada kuma a gasa ta da ruwan zafi ko a kanga ta ga wuta, domin zafi mai yawa na sa gam ya kama fata fiye da kima. Bakin da ya ɗago a datse shi da almakashi. Da zarar an ji ƙaiƙayi mai tsanani, ko raɗaɗi, ko yatsu suka fara mutuwa, a cire nan take, ko da awa guda ke nan da mannawa. A ƙasa mai zafi irin tamu na fi son kada ta wuce kwana uku.

Cirewa ma da ladabinta. Kada a fizge ta kamar yadda ake fizge filastar allura. A shafa mata man gyaɗa ko na zaitun, a bari ya jiƙa kamar minti goma, sa'an nan a kama baki guda a riƙa naɗe ta a kwance, ana bin inda gashi ya kwanta, ɗaya hannun yana danne fata yana raba ta da gam kaɗan-kaɗan. A wanke wurin, a shafa mai, a bar fata ta huta kwana ɗaya ko biyu kafin a sāke wata. In an yi haka sau biyu ko uku, wajen mako biyu ke nan, ciwo yana nan inda yake ko ya ƙaru, a ajiye naɗin a tafi sashen gashin ƙashi na asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa likita tun yaushe ciwon ya fara, da irin motsin da ke tayar da shi, da inda aka manna filastar.